Zuwa ga ɗana, kan maganar mai duba

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka.

Yayarka ta faɗa mini an ƙara maka girma a wurin aiki, kuma wai wani mai duba ya ce maka kujerar shugabanka ma taka ce nan ba da jimawa ba. Ta farkon na gode wa Allah. Ta biyun ce ta hana ni barci.

Ka san wasan kwaikwayon Macbeth na Shakespeare, wanda ya rubuta wajen 1606, zamanin Sarki James na Ingila, sarkin da shi kansa ya wallafa littafi kan tsafi a 1597. Macbeth jarumi ne, amintaccen Sarki Duncan na Sikotlan. Suna dawowa daga yaƙi shi da abokinsa Banquo, matsafa mata uku suka tare su, suka yi masa kirari da sarautar Cawdor, suka ce kuma zai hau gadon mulki. Kafin ya gama mamaki sai ga manzannin sarki da albishir ɗin an ba shi sarautar Cawdor. Shi ke nan, hankali ya tafi. Banquo ya ja masa kunne cewa irin waɗannan sukan ba ka ƙaramar gaskiya don su ja ka zuwa babbar halaka, amma ina.

Ka lura, ɗana, babu wadda ta ce ya kashe kowa. Shi da matarsa suka ƙulla. Duncan ya sauka gidansu a matsayin baƙo, ya ci abincinsu, ya kwanta, Macbeth ya daɓa masa wuƙa yana barci.

Haɗuwarsa ta biyu da matsafan ce ta fi ba ni tsoro. Aka ce masa ba wanda mace ta haifa da zai iya cutar da shi, kuma ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Birnam ya taso zuwa tsaunin Dunsinane, inda fadarsa take. Ya ji daɗi, ya shiga cika baki. Bai tambayi kansa me ke ƙarƙashin maganar ba. Ranar yaƙi Malcolm ɗan Duncan ya umarci kowane soja ya sari reshe ya riƙe a gabansa, daga ganuwa sai aka hango daji yana tafiya. Macduff kuma, wani basaraken Sikotlan wanda Macbeth ya sa aka yanka masa mata da 'ya'ya, ya gaya masa ba haihuwarsa aka yi ba, farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi. Macduff ya sare wa Macbeth kai.

Don haka kada ka sake taka ƙofar mai duban nan, kada kuma ka ba shi ko sisi. Shugabanka ya yarda da kai, ka riƙe masa amana, ka daina zancen kujerarsa ko da a gaban matarka ne. In ka zo hutun Sallah za mu zauna.

Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara.

Mahaifinka