Kafson kan tire da ciwon haƙarƙarin yaranmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a gidan rediyonku kafin hunturu ya kankama, don abin da ya same mu bara ba na so ya sami wani gida a Damagaram.

Jikata ƴar shekara biyu ta fara da mura. Na tari wani mai tallar magani a bakin Kasuwar Dole, tirensa a rana tun safe, na sayi kafso huɗu. Muna ɓarewa muna jiƙa garin a cokali. Da zazzaɓin ya lafa sai muka bari, kamar yadda muka saba. Ana kwana biyar na ɗaga rigarta cikin dare, na ga ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa ciki duk jan numfashi, hancinta yana buɗewa yana rufewa. Muka ɗauki kabu-kabu sai likita. Sirop ɗin farko bai kama ba, sai da aka kwantar da ita aka koma allura ta jijiya. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ni na san da hannuna a ciki.

A can na fahimci abin da ya kamata in sani tun tuni. Mura yawanci ƙwayar birus ce ke kawo ta, antibiyotik, wato maganin kashe bakteriya irin kafson da na saya, ba ya taɓa ta ko kaɗan. Ciwon huhu mai tsanani kuwa, wato ciwon haƙarƙari irin na jikata, sau da yawa aikin bakteriya ne, babbarsu ita ce Streptococcus pneumoniae, sai Haemophilus influenzae, da Staphylococcus aureus, da Klebsiella wadda ta fi addabar jarirai da majinyatan da ke kwance. Ta farkon nan tana zaune a hancin yara da yawa lafiya lau. Idan mura da ƙura da hayaƙin murhu suka raunana hanyar numfashi, sai ta gangara huhu.

Duk ranar da muka ba yaro rabin magani, ko maganin da rana ta kashe wa ƙarfi, ko muka ba shi a kan murar da ba ta buƙata, raunanan ƙwayoyin ne ke mutuwa. Masu taurin su rage, su hayayyafa, yaron ya yi tari su koma kan ƙanensa. Wasu ma wani sinadari suke fitarwa da ke farfasa maganin kafin ya yi aiki. Ke nan ba jikin yaro ne ya saba da magani ba, kamar yadda muke faɗa, ƙwayar ce ta gagare shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon huhu ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 sama da 740,000 a 2019. A wannan shekarar dai, an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 sun rasu saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki jin jiki idan aka auna da yawan jama'a.

Ban ɗora wa talaka laifi duka ba. Wanda ordonansi ta fi ƙarfin aljihunsa, dole ya waiwayi tire. Wannan kuwa aikin hukuma ne, ta tabbata amoksisilin na gaske, antibiyotik ɗin da ake ba yara masu ciwon huhu, bai yanke a asibitocin unguwa da na ƙauye ba.

Roƙona, Malam Edita, ku gayyato likitan yara ya yi bayani da Hausa. Ya koya wa iyaye ƙirga numfashi na minti guda: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar a tafi likita ne nan take. Ya tuna mana da allurar rigakafin ciwon huhu da Nijar ta sa cikin rigakafin jarirai tun 2014, kyauta. A sa shirin bayan isha'i, lokacin da mata suka sauke tukunya suna kusa da rediyo.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
daga unguwar Birni, Zinder