Takwaranka da Murafen Kwalba

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Na san abin da za ka fara faɗa: sai yau? To, sai yau ɗin. Wata 5 ke nan saƙonka yana harara ta, kullum in ce gobe. Amma laifi tudu ne, kai ma ka san wanda ya shekara bai mayar da littafin aro ba, don haka mu bar tone-tone.

Ɗana, takwaranka, shi ne ya sa na zauna rubutun nan. Ya kunyata ni, jiya kuma ya wanke ni.

Ka san ya shiga shekara 4. Tun bara yake jero 1 zuwa 20 ba gargada, ni kuma duk baƙon da ya shigo sai na tsayar da yaro ya yi masa, ina hura hanci kamar ni na ƙirƙiro lambobin. Ranar nan Yaya ta zo, wadda ka ce tana kallon mutum kamar za ta ba shi maki. Ta saurare shi har ƙarshe, ta tafa masa, sannan ta zube murafen kwalba a gabansa ta ce, “To, ɗauko min guda 4.” Ya ciko hannu biyu ya miƙa mata. Ta ce ya ƙirga. Yatsansa yana kan murfi na uku, bakinsa ya riga ya kai 9. Ta juyo ta ce min, “Waƙa ka koya masa, ba ƙirga ba.” Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Da ta gama yi min dariya sai ta warware min. Jero sunayen lambobi aikin baki ne. Saura yaro ya san kowane abu ɗaya lamba ɗaya yake ɗauka, ba tsallake ba maimaici, sannan ya gane lambar da ya tsaya a kanta ita ce yawan abin gaba ɗaya. Waɗannan biyun sai hannu ya taɓa, ya ɗaga, ya ajiye. Ta ce mu koma kan 3. Ni da nake taƙama da 20!

Haka muka koma. Faranti biyu, murafe a ɗaya, yana ɗaukar guda ya kai ɗayan yana faɗin lambar. Na yayyanka kwali na ɗiga ɗigo a kai, wannan ɗigo 2, wancan 3, yana ɗora murfi a kan kowane ɗigo. Abin da ya fi kama shi ma ba nawa ba ne, na mamansa ne: ta naɗa shi sarkin rabon cokali. Kowa ɗaya. In ya rage ko ya kasa, shi da kansa yake gani, ba sai wani ya ce masa ya yi kuskure ba. Safa ma shi ke haɗa ta biyu-biyu in an kwaso shanya, kuma ya fi ka iya wannan, kai da ka je gwajin ɗaukar aiki da ƙafa ɗaya baƙa ɗaya shuɗiya. Kada ka musa, ina wurin.

Abin ya shiga raina har na koma karatu da daddare. Ashe wata likita ’yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe gidan koyar da ƙananan yara a wata unguwar talakawa ta birnin Rum tun 1907, kuma da irin wannan ta yi suna: a bar yaro ya zuba ruwa, ya share, ya saka maɓalli da kansa. Haruffa ma da takardar nan mai kaushi ta goge katako take yanka su, yaro ya bi da yatsa kafin ya riƙe fensir. Ni yashi na zuba a tire. In zana harafi, ya bi sawu, ya girgiza tiren ya goge. Gaskiya gogewar ta fi rubutun yi masa daɗi, amma harafin farko na sunanku ya zauna daram. Yanzu ko a jikin kwali ya gan shi sai ya ƙwala ihu wai ga nasa.

Akwai kuma wani ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, da gwajinsa na ruwa. Kofi biyu iri ɗaya, ruwa daidai. Ka juye ɗaya a dogon kofi siriri a gaban idon yaro, ka tambaye shi wanne ya fi yawa. Yawancin yara kafin wajen shekara 7 dogon za su nuna. Na gwada, takwaranka ya nuna dogon da ƙarfin gwiwarsa. Na yi bayani har baki ya bushe, ya ce dogon dai. Na ce lallai suna linzami ne. Yaya ta ce in ƙyale shi, in ba shi kofuna ya yi ta juye-juyensa, lokaci ne zai kawo.

Wasan ruwan nan ya ci min agogo. Muna “me zai nutse, me zai taso”: dutse, soso, cokali, murfi. Kafin ya jefa sai ya yi canki. Na shiga ɗaki na fito, ya tare ni da murna wai agogon Baba nutsewa yake. Daga ranar na daina juya baya, ba don agogo kaɗai ba, don ruwa ɗan kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro. Muna gamawa nake kifar da bokiti. Ƙanwarsa kuma wata 14, komai baki take kaiwa. Sau ɗaya na zaro maɓalli daga kuncinta, jikina bai daina rawa ba sai dare. Yanzu ƙananan kaya sai ta yi barci ake fito da su, a ƙirga kafin da bayan wasa. Batirin agogo da ’yan maganaɗisu kuwa na ɗaga su sama can, haɗiye su babban haɗari ne. Ka gaya wa Madam, naku ma ya fara rarrafe ai.

Af, ka ji mutumin naka ya koma karatu? Wanda ya rantse shi da aji har abada. An ce shi ke zama a layin gaba. Na kira in tsokane shi, ya ce yana bita, in kira an jima.

Damuwata ni ce kaina. Ba ni da haƙuri. Da ya ɗora murfi ba daidai ba hannuna ya kai, da na gyara kuma sai ya tashi ya bar min kayana. Minti 10 ne iyakarsa, in na rikiɗe na zama malami ko 2 ba ma kaiwa. Na koyi zama a kan hannuwana, da gaske nake faɗa. Waya ma mun rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana zaune gaban allo. Ba kullum muke cikawa ba, ranar da na dawo a gajiye ni ke miƙa masa da hannuna.

To, jiya. Ina gyaran kujera na ce ya miƙo min ƙusa 5, ban ma sa rai ba. Ya tsuguna yana ɗauka ɗaya-ɗaya, ya tsaya a 5 cak, ya bar sauran. Na ce nawa ke nan? Bai sake ƙirgawa ba, ya ce “biyar mana,” yana min irin kallon Yaya. Na kira ta nan take, ta ce to madalla, saura 6.

Akwai abin da ka tambaye ni a saƙon nan naka, na san da shi na zauna, ga shi ya shige min. Sake turowa. Ka gaida Madam da yara, kuma ka fara tara murafe tun yanzu, kafin Yaya ta biyo ta kanka.

Naka,
Baban takwaranka