Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Tallafa wa Marayu, Argungu

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya, malamai da 'yan uwa mambobi.

Babban aikin da muka sa a gaba bana shi ne koyon yadda ake tafiyar da ƙungiya. Kun san dalili. Bara mun nemi tallafi a wajen wata gidauniya, aka ce mu kawo lissafin kuɗinmu wanda akanta ya duba, muka rasa abin nunawa sai littafin karo-karo. Abin ya yi mana ciwo, amma gaskiya suka faɗa.

Saboda haka shugaba da ma'aji da ni muka riƙa zuwa Birnin Kebbi duk Asabar, wani akanta mai ritaya yana koya mana, bai karɓi ko sisi ba. Allah Ya saka masa da alheri.

Darasin da ya fi girgiza mu shi ne batun riba. Da yawanmu mun ɗauka ƙungiyar taimako ba ta da hurumin neman kuɗi sai roƙo. Ashe dokar kamfanoni ta 2020, wadda Hukumar Rajistar Kamfanoni (CAC) ke yi wa ƙungiyoyi irin tamu rajista a ƙarƙashinta, abin da ta hana shi ne a raba abin da aka samu tsakanin mambobi. Duk rarar da ta fito dole ta koma kan manufar da aka kafa ƙungiya dominta. Da wannan fahimtar muka sake duba injin niƙanmu da kujerun da muke bayarwa haya. A da, kowa ya zo da biki ko suna sai a ba shi "don zumunci", kujera ta karye babu mai biya. Yanzu akwai farashi ɗaya, akwai rasit, kuma ana ware kuɗin gyara da na mai kafin a ce an ci riba. Na san wasu dattawanmu ba su ji daɗi ba, ina ba su haƙuri. Sai dai da wannan kuɗin aka ɗinka wa marayu kayan makaranta a zangon farko, ba mu kai ƙoƙon bara gidan kowa ba.

Kuɗin ƙungiya ya bar hannun ma'aji ya koma banki, kuma ba a cirewa sai da sa hannun mutum biyu. Ma'ajin ne da kansa ya nemi a yi haka. Mun kuma miƙa wa CAC rahoton shekara, wanda doka ta ce a kai tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba.

Inda muka gaza shi ne noman shinkafar rani a fadama. Mun yi shawara, tsadar taki da man ban ruwa suka sa muka janye. Za mu sake kawo batun a babban taro, inda ma'aji zai karanta cikakken lissafi. Kowa ya zo da katinsa na mamba, masu bashin kuɗin wata kuma su daure su biya kafin ranar.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya