Makunnin ba a hannunmu yake ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan maganar da ake ta yayatawa, wai fasahar zamani ce za ta gaji man fetur wajen riƙe Najeriya. A 2023 gwamnatin tarayya ta fito da shirin 3MTT don horar da matasa miliyan 3. Ban ƙi ba, ɗan ƙanena ma da kwamfuta yake cin abinci. Abin da ke damuna shi ne makunnin wannan harka ba a hannunmu yake ba.

Mu a Sakkwato mun ɗanɗana. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda 'yan bindiga, masu POS da masu sayar da kati suka wayi gari ba sana'a. A shekarar ne kuma aka rufe Twitter wata bakwai bayan ta goge wani saƙon Shugaba Buhari, masu tallar kaya a can suka koma zaman jira. Sai Maris 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke, tura kuɗi ta banki ya gagara. Biyu umarni ne daga sama, ɗaya kuma tsautsayi ne a tekun da yawancinmu ba mu taɓa gani ba.

Ko Finland da ta fi mu wutar lantarki da makarantu ta sha wuya da ta jingina da Nokia. iPhone ta fito a 2007, zuwa 2014 an sayar wa Microsoft sashen wayoyin, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Huawei, kamfanin fasaha na China, kuwa siyasa ce ta taɓa ta, da Amurka ta sa mata takunkumi a 2019.

Alhali ga jar akuyar Sakkwato nan, wadda tun zamanin ayari fatarta ke tsallake Sahara har Turawa suka raɗa wa fatar sunan Maroko. Har yau fata muke fitarwa mu sayo takalmi. Albasa kuma tana ruɓewa a rumbu lokacin kaka, ta yi tsada in damina ta kama.

Don Allah ka tura wakilinka Kasuwar Kara da wajen dukawanmu, ya tambaye su nawa suka gani daga kuɗin da ake warewa da sunan fasaha.

Naka,
Mai karatu daga Sakkwato