Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da fitilun ƙaramar masaƙata

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuta wannan takarda a fili, inda kowa zai karanta, saboda hanyar da kuka ce mai ƙorafi ya bi na bi ta, kuma abin da na tarar a ƙarshenta wulaƙanci ne. Ranar Talata 14 ga Janairu, da ƙarfe 4:20 na yamma, bayan na kai kukan cewa fitilun da na saya a wurinku don ƙaramar siffar masaƙa da nake ginawa sun ƙone, yaron da ke riƙe da layinku na WhatsApp ya amsa mini da cewa: "Baba, kayan wasan yara ne fa. NEPA ce ta ƙona maka, ka sake sayen wasu." Ya ɗora hoton fuska mai dariya. Na kira nan take, ya ɗauka, yana jin muryata ya katse. Tun daga ranar wayarku sai dai ta yi ta ringin har ta gaji.

Tunda ma'aikatanku ba su san abin da suke sayarwa ba, bari in gaya muku. Ni tsohon ma'aikacin wuta ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna, unguwar da tun 1957 ta fara zama gidan saƙa a Arewa. Bayan da injuna suka yi shiru, sai na shiga gina ƙaramar siffar wurin a kan katako a ɗakina: layin dogo, taragu, sito, ɗakin tukunyar tururi da dogon bututun hayaƙinsa, da ƙofar da ma'aikata ke fitowa. Ma'aunin da nake bi shi ne HO, wato kashi ɗaya cikin 87 na abu na gaske. Faɗin tsohon layin dogonmu milimita 1067 ne, in an raba da 87 ya ba da 12 da ɗoriya, shi ya sa na nemo layi mai faɗin milimita 12 maimakon 16.5 da aka saba. Wanda ya tsaya yin wannan lissafin ba wasan yara yake yi ba, kuma ko da na yara ne, ai da kuɗi aka saya.

Abin da ya rage mini shi ne haske, domin masaƙa da dare take nuna kanta. Wanda ya taɓa yin aikin dare ya san launinta: fili a waje ja-ja, rawaya-rawaya daga fitilun sodiyam, tagogin ɗakin saƙa fari tas daga dogayen ƙwayaye, can gefe kuma wutar mai walda tana walƙiya tana ɗaukewa. Na shafe cikin kowane gini da baƙin fenti don kada haske ya ratsa roba, bango ya riƙa ƙyalli, na huda katako, na ja wayoyi ta ƙasa, na jira kaya.

A tallarku kun rubuta ɓaro-ɓaro: fitilun fili na LED, tsayi santimita 7, haske mai ɗumi 3000K, bolt 12, "da resista a ciki, a jona kawai." Resista shi ne ɗan abin da ke rage wutar da ke shiga fitila don kada ta ƙone. Wajen ƙarshen Nuwamba na biya naira 86,500 na fitilun fili guda 20, da layin fitilun cikin gini biyu, da ƙaramar na'urar da ke kwaikwayon wutar walda, a ciki har da 6,000 kuɗin aikowa. Kun ce mako guda. Sai da aka kusa Kirsimeti direba ya kira ni tasha, nan ma sai da na ƙara masa wani abu, wai ba a biya shi daga can ba. Wannan na bar shi, ban ma sa shi a lissafi ba.

Na buɗe kwali na tarar da turaku masu tsayin santimita 12. A ma'aunina wannan ya haura mita goma, fitilar ƙofa ta fi rufin sito tsayi. Santimita 7 da na nema shi ne turken mita shida, irin wanda na hau da tsani shekara da shekaru. Hasken ma ba shi ba ne, fari ne mai shuɗi-shuɗi, irin na 6000K ko fiye, wanda ba a san shi a filin masaƙa ba a wancan zamanin. Na'urar waldar kuwa abin dariya ce. Wutar walda ba ta da ƙa'ida, takan tartsa sau uku da sauri, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi. Taku kunnawa take tana kashewa daidai-daidai kamar sigina ta mota. Duk da haka na haƙura, na ce zan rage turakun da zarto, in shafa wa kawunan ɗan fenti ruwan lemo mai haske.

Ga inda haƙurina ya ƙare. Na ɗauki biyu daga saman kwali na gwada, suka kama lafiya. Na dasa jerin farko a bakin layin dogo, na bi da gam, na mayar da tsakuwa da ƙasa yadda suke, na kunna. Haske ɗaya suka yi, tau, sai warin roba. Guda takwas suka mutu a lokaci guda, biyu kawunansu suka yi baƙi, ɗaya ta narka gefen rufin rumfar lodi da na yanka da hannuna daga farko har ƙarshe.

Na sa reza na tsaga baƙar robar da ke jikin wayar ɗaya daga cikin matattun, wurin da resista ya kamata ya zauna. Babu komai a ciki, waya ce zalla aka sa mata riga. Na tsaga na sauran da ban dasa ba, haka. Biyun nan na sama kaɗai ke da resista na gaskiya. Malam Manaja, farin LED bolt 3 yake ci ko kusa da haka, kuma ba ya son abin da ya wuce miliamfa 20. In za a ba shi bolt 12, dole a tare bolt tara da resista. Mai om 1,000 zai bar masa kamar miliamfa 9, wanda ya ishe shi har ya yi yawa a ƙaramin fili irin nawa. In babu resista, babu LED ɗin da zai rayu. Duk yaron da ya yi wata uku a shagon gyaran rediyo ya san wannan.

Batun NEPA kuma, katakon nan bai taɓa ganin wutar gwamnati ba. Daga batirin sola yake sha, ta cikin na'urar daidaita wuta, kuma mita ta nuna 11.9 kafin in kunna da bayan na kashe. Na aiko muku da hoton mitar, da hoton wayar da na tsaga, da rasit. An buɗe saƙon, alamar ta yi shuɗi. Wata baiwar Allah ta ce za ta kai wa "oga", wani ya ce in sake turo hotunan, na sake, wani kuma ya ce ai kaya in an buɗe ba a karɓa. To ta yaya mutum zai san fitila ba ta aiki bai buɗe ta ba? Haka aka yi ta jifa da ni daga hannu zuwa hannu har zuwa amsar ranar Talata.

Abin da nake nema ba shi da wuya. Ku mayar mini da naira 86,500 cif, ba takardar rangwame ta sayen wasu kayan ba, don ba zan sake sayen ko allura a wurinku ba. Ku aiko a karɓi kayanku, kuɗin ɗauka a kanku. Rufin rumfar da kwanakin da zan yi ina tono wayoyi daga ƙarƙashin gam ban sa musu farashi ba, ko na sa ba za ku gane ba.

Amma maganar ta wuce kuɗina. Resista ba ya faɗuwa daga cikin roba da kansa. Wani ne ya sa rigar a kan waya babu komai ciki, wani kuma ya jera masu kyau biyu a sama inda mai gwaji zai fara kai hannu. Ko can aka yi muku haka kuka rufe ido, ko a nan aka yi, ku kuka karɓi kuɗi. Na rubuta abin da ya same ni a ƙarƙashin tallar, kashegari ya ɓace, an bar masu yabo kaɗai. Tallar tana nan har yau da kalmominta, "a jona kawai." Zargina shi ne kuna kwaso rarar kaya da waɗanda aka ƙi a wasu kasuwanni, ku sake musu takarda, kuna dogaro da cewa mai saye a nan zai ga laifin NEPA kafin ya ga naku. Kun sami bango mai kyau na jingina, kowace ɓarna sai ku ce wuta ce. Ɗalibi nawa ne ya sayi irin waɗannan don aikin makaranta, suka ƙone, ya ɗauka shi ne bai iya ba?

Don haka ina neman ku sauke tallar, ku buɗe sauran kwalayen da ke sitonku ku duba, ku kira duk wanda ya saya ku gaya masa gaskiya, sannan yaron nan ya rubuto mini ban haƙuri da hannunsa. Na ba ku zuwa ƙarshen wannan wata. Bayan nan zan kai rasit, da hotunan saƙonni, da fitilun da na tsaga ga hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa don irin wannan. Lambata tana cikin wayarku, ita ce wadda kuke ƙin ɗauka.

Naku,
Wani abokin ciniki daga Kakuri, Kaduna