Wasiƙa kan maganar jinyar Kawu

Nima, Accra

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Saƙonka ya iso, kuma labarin Kawu ya taɓa ni ƙwarai. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. Ka ce likita ya kawo maganar dasa masa ƙwayoyin gashi, wato masu fitar da hasken da ke gasa ciwon daji, a cikin furostet, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kana so in fayyace maka. Ka san dai ni ba likita ba ne, aikina lissafin gashi da gwada na'urori, to ta nan ɓangaren zan amsa maka.

Ƙwayoyin ƙanana ne kamar ƙwayar shinkafa, tsawonsu milimita 4.5, a cikinsu akwai sinadarin aidin-125. Ƙarfinsu yana raguwa da rabi duk bayan kwana 60 ko kusa da haka, har su mutu a jiki. Ba a ciro su. Riƙe wannan da kyau, domin duk inda ƙwaya ta zauna, nan za ta ƙare aikinta, ko daidai ko ba daidai ba. Ga hanyar fitsari ta ratsa tsakiyar furostet ɗin, ga dubura manne a bayansa. Kuskuren 'yan milimitoci ya isa ya bar wani gefen ciwon bai gasu ba, ko ya ƙona inda ba a nufa ba.

To likita da me yake gani? Da sikanin. Ana sa sandar na'urar ta dubura, a kafa wani faranti mai ramuka a jere, tazarar milimita 5 tsakaninsu, a riƙa tura allurai ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura. A da, cikin shekarun 1970, yanka ciki ake yi a dasa da hannu bisa kintace. Wani likita a Denmark, Holm, shi ya fito da wannan hanya ta sikanin a 1983. A nan Accra ana yin ta a asibitin Korle Bu.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne hoton da ke kan allo lissafi ne na'urar ta yi. Tana aika sauti, ta jira ya dawo, ta ƙiyasta nisa bisa cewa sauti na tafiyar mita 1540 a daƙiƙa cikin tsoka. In lissafin ya goce, hoton zai fito tas, kyakkyawa, amma ƙarya yake faɗa, kuma ido ba zai gane ba. Shi ya sa muke da akwatin gwaji, cike da wani abu mai kama da tsoka, da zarurruka da dunƙulallun abubuwa waɗanda an san girmansu tun daga masana'anta. Mu auna, mu kwatanta. Ƙungiyar masana wannan fanni ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2008: girman da na'ura ta auna kada ya kauce da fiye da kashi 5 cikin ɗari, domin a kan girman furostet ake lissafa yawan ƙwayoyin da za a dasa.

Gwajin da na fi ba muhimmanci shi ne na daidaita ramukan farantin da ɗigogin da ke bayyana a kan allo. Mukan tsoma sandar a ruwa, mu tura allura ta rami, mu ga ko ta fito a kan ɗigonta. Ba a yarda saɓanin ya wuce milimita 3 ba. Amma shi kansa ruwan yana da tarko: a ma'aunin zafi 20 sauti na tafiyar kusan mita 1480 ne kawai, sai allurar da ke nisan santimita 5 ta bayyana ta yi zurfi da kusan milimita 2, alhali na'urar lafiyarta ƙalau. Sai an ɗumama ruwan zuwa wajen 48 ake samun daidai. Wanda bai san haka ba sai ya tashi gyara, ya ɓata abin da yake daidai. A ganina, gara tsohuwar na'ura da ake gwadawa a kai a kai da sabuwa dal da ba wanda ya taɓa aunawa.

Saboda haka in kun koma, kada kunya ta hana ka tambaya: yaushe aka gwada sikanin ɗin, kuma akwai mai lissafin gashi a ɗakin lokacin aikin? Ka tambayi ma ko za a yi hoton CT bayan dashen don a tabbatar inda ƙwayoyin suka zauna. Sannan ba kowa wannan hanya ke dacewa da shi ba. Ta fi amfani in ciwon bai fita daga furostet ba, kuma in furostet ɗin ya kumbura da yawa ƙashin gaba yakan tare wa allura hanya. Wannan hukuncin likitansa ne.

Turo mini sakamakon gwajin jini na PSA da na naman da aka ɗiba ta WhatsApp, in nuna wa likitocinmu. In shawara ta tsaya a kan Accra, masauki ba matsala. Ka gaishe mini da Kawu da jiki.

Naka amini