Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Tahoua Kan Koya wa Ɗalibai Lissafin Bashi da Haƙƙin Mai Saye

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Tahoua,
ta hannun masu unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da ban girma, mu ne iyayen ɗalibai maza da mata na birnin Tahoua, tare da wasu malaman makaranta da ƴan kasuwa da suka sa hannu a ƙasan wannan takarda. Kukanmu ɗaya ne: ƴaƴanmu na fita daga makaranta ba su iya lissafin bashi ba, ba su san inda za su kai ƙara ba in an cuce su a ciniki, alhali tun suna aji kuɗin gidajenmu ta hannunsu suke bi.

Ranka ya daɗe, kowa ya san Adar ƙasar bida ce. Da an kai amfanin gona gida, samari sun kama hanyar Abijan, Libiya, Aljeriya, Najeriya ko Kamaru, kuma abin da suke aikowa shi ke riƙe da gidaje da yawa har damina ta faɗi. A da, amintaccen ɗan gari ake ba saƙo ya kawo. Yau ta kamfanonin aika kuɗi da ta salula yake zuwa. Wa ke karanta saƙon? Wa ake aika ya karɓo? Yaron da ke kwaleji, ko yarinyar da ke ajin ƙarshe na firamare, don su suka iya karatu. Uwa ta miƙa musu waya har da lambar sirri. In wani ya bugo ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, wai an turo kuɗi bisa kuskure a mayar masa, ko wai an ci kyauta sai a faɗi lambar, wannan yaron ne zai amsa, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa lambar sirri ba a faɗa wa kowa, ko da ma'aikacin gaskiya ne. Cikin masu sa hannu akwai baiwar Allah da aka kwashe mata guminsu na rani guda ta wannan hanya. Har yau in uban ya kira daga Abijan, yaron fita yake daga ɗakin don kunya.

Amma inda abin ya fi ci mana rai shi ne bashi. Mutum ya ranci jika goma a hannun mai kuɗi, a ce bayan wata ɗaya ya kawo jika goma sha ɗaya. A kunne, jika ɗaya ba wani abu ba ce. A lissafi kuwa kashi 10 cikin ɗari ne a wata, wato kashi 120 a shekara. A shekarar 2014 hukumomin kuɗi na ƙasashen da ke amfani da sefa a yammacin Afirka, wanda BCEAO ne babban bankinsu, sun sa iyakar ruwan da za a ɗora wa bashi: kashi 15 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun ajiya da lamuni. Ke nan wancan mai kuɗin ya ninka iyakar ƙananan asusun har sau biyar, kuma wanda ya ranta yana yi masa godiya. Ɗalibin kwaleji an koya masa kashi cikin ɗari a kan allo, ya ci jarrabawa da shi, amma ba a taɓa haɗa masa wannan darasi da bashin da ke kan ubansa ba. Ga kuma wani giɓi: a aji da faran ake lissafi, a kasuwa da dala, dala ɗaya faran biyar. Yaro ya iya na makaranta, uwarsa ta iya na kasuwa, sai a zo takardar lamuni da aka rubuta da Faransanci, dukansu biyu su rasa gane abin da za a biya gaba ɗaya, a dangwala yatsa kawai.

Manoman albasa na Galmi, Madaoua da Tamaske sun fi kowa sanin wannan ciwo. Da yawa ɗan kasuwa ke ba su kuɗin taki da man famfo tun ana dashe, da sharaɗin shi za a sayar wa. Lokacin cira, albasa ta cika kasuwa, farashi ya faɗi, dole a sayar don a biya. Bayan watanni, wanda ya iya ajiye tasa a rudu shi ke cin ribar wahalar wani. Haka ma hatsi: a sayar da arha da kaka, a sayo shi da tsada a tsakiyar damina, wani lokaci ma bashi. Tun ƙarshen shekarun 1990 hukumar FAO, mai kula da abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shigo da dabarar da manoma ke tara hatsinsu a mangaza a kulle, su karɓi lamuni a kansa, su sayar in farashi ya tashi. Ƴaƴan manoman nan suna cikin makarantunmu, kuma su za su gaji gonakin. Me ya sa ba za su ji wannan a aji ba?

Sai maganar mai saye. Ƙasarmu tana da doka mai lamba 2015-24 ta ranar 11 ga Mayu 2015 a kan kare masu saye, amma a cikinmu kaɗan ne suka taɓa jin labarinta. Tiyar da aka buga wa gindi, sikelin da aka taɓa, madarar gwangwani da wa'adinta ya wuce, ƙwayoyin magani da ake yawo da su a faranti cikin zafin rana, duk ƴaƴanmu ake aika su sayo. Yaron da aka koya wa duba kwanan wata a jikin kwali, da neman takardar shaidar saye in kayan masu tsada ne, ya tsare lafiyar gida guda. Ba mu manta da cacar ƙwallo ta salula ba, da masu yi wa samari romon baka cewa su zuba kuɗi su kawo mutane za a ninka musu. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana irin wannan da MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ta rushe a ƙarshen 2016, kuma sababbin irinta ba su daina fitowa ba.

Mun sani, ranka ya daɗe, tsarin karatu daga ma'aikatar ilimi ta Yamai yake fitowa, ba a fada ake rubuta shi ba. Ba mu roƙi a ƙara sabuwar jarrabawa ba, yaran kayansu ya isa. Abin da ake bukata yana nan cikin garin, ba a haɗa shi ba ne kawai. A kwaleji akwai darasin tattalin gida da zamantakewa, akwai na lissafi. A cikinsu za a iya saka misalan bashi, adashe da farashin kasuwa. Makarantar horon malamai ta Kaocen tana nan. Jami'ar Djibo Hamani tana da sashen shari'a da tattalin arziki, kuma ɗalibanta ƴaƴanmu ne, za su iya zagaya makarantu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka samo asali a jahar Maradi a 1991, sun koya wa matan da ba su taɓa shiga aji ba yadda ake zubi, a ba da rance, a raba riba ba rigima. Iyayen ɗalibai mata da yawa suna ciki, a bar su su shiga aji su nuna akwatinsu da yadda ake ƙirga kuɗin a gaban kowa. Malamanmu na addini kuwa ba baƙo ba ne gare su: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a sa shaidu, kuma Suratul Muɗaffifina da kashedi ga masu tauye awo ta fara. Wannan ya sa muke son makarantun allo da na Islamiyya su shiga ciki, don yaran da ba sa zuwa boko su ne suka fi saurin tafiya bida.

Saboda haka muna roƙon Mai Martaba ya kira zama a fada, ya haɗa shugabannin ilimi na jaha, kwamitocin kula da makarantu, ƙungiyar iyaye, limamai da shugabannin kasuwa, a zaɓi makarantu kaɗan a fara gwadawa cikin wannan shekarar karatu, da Hausa, da kuɗin da yara ke gani a hannu. Muna roƙon ya isar da wannan kuka ga Gwamnan jaha da sunan talakawansa, don maganar da ta fito daga fada ba a ajiye ta a ƙasan takardu. Muna kuma so ranar 15 ga Maris, ranar masu saye ta duniya, a kai ɗalibai babbar kasuwa tare da ma'aikatan da ke duba awo, su ga yadda ake gwada sikeli, a kuma nuna musu ofishin da ake kai ƙara.

Mu a namu ɓangaren mun ɗauki alkawarin kawo mutanen da za su yi magana a aji ba tare da an biya su ba, kuma wakilanmu a shirye suke su zo fada duk ranar da aka sa mana.

Allah ya taimaki Sarki, ya ba shi ikon duba kukanmu.

Wassalamu alaikum.

Daga iyayen ɗalibai, malamai da ƴan kasuwa na birnin Tahoua.
Sunaye da sa hannu suna cikin takardun da ke haɗe.